Kukun Jirgin Taurari

A shekara ta huɗu suka datse shirin,
talabijin ta bar jirgin rataye a sama,
ba sauka, ba sallama.
Ni Aulikki, mai jinyar dare a asibitin Tampere,
na ɗauki biro na karɓi tuƙin.

Ban taɓa kyaftin ba, shi yana da maroƙansa.
Kukun jirgin na ɗauko,
wanda sau biyu ya gifta ta bayan manya
da faranti a hannu, ko suna ba su ba shi ba.
Na raɗa masa suna, na ba shi ciwon gwiwa
da 'ya guda a wata duniyar da ta ƙone.
Shafi talatin da biyu, injin kwafin laburare,
na aika wa masu kewar shirin ta gidan waya.
A shafin ƙarshe na kashe shi.

Mako biyu, akwatin ƙofata ya ƙoshi.

Tauno na Oulu, tsohon direban jirgin ƙasa,
ya cika takarda da lissafi:
"Daga wancan tauraro zuwa wannan
kwana tara ne, ba shida ba.
Miyar da kika ce ta iso da tururi
da tuni ta yi tsami."
Ya ja layi biyu a ƙarƙashin tara.

Veijo, ɗan shekara sha huɗu,
rubutu kamar sawun kaza a dusar ƙanƙara:
"Rigar 'yan kicin ruwan toka ce, ba koriya ba.
Kin ma kalli shirin kuwa?"
Na kalla, ɗana,
a akwatin da bai san launi ba sai fari da baƙi.

Ritva ta Kuopio ko gaisuwa babu:
"Kyaftin ba ya kuka.
Shekara huɗu ina kallon mutumin nan, idonsa ƙamas.
Wa ya aike ki jiƙa masa fuska?
Kin ari kayan mutane kin sake musu ɗinki."
Gaskiyarta.
Zanen aro ba ya rufe katara,
amma a sanyin garin nan
da ni da ita duk shi muka lulluɓa.

Ta huɗun ba suna, ba adireshi,
sai zoben kofi a gefen takarda:
"Mijina kuku ne a jirgin ruwan Stockholm,
shekara ashirin da shida,
ba fasinjan da ya taɓa tambayar sunansa.
A Nuwamba ya rasu.
A tsaye na karanta labarinki, a kicin,
dankali ya ƙone ban ji ba.
Shafin ƙarshe ban yafe miki ba.
Amma wurin da yake ɗanɗana gishiri da bayan cokali
ya ce 'saura kaɗan',
haka yake yi. Haka.
A ina kika san shi?"

Na zauna a kan matakala da takalmi a ƙafa.
Cokalin nan ba ƙirata ba ne,
tsintarsa na yi bara a gado na bakwai,
wajen wani dattijo mai ƙonannun yatsu
da ke yi wa miyar asibiti hukunci kowane dare.
Sunansa na kan allo. Ban riƙe ba.
Ko shi ne, ko wani,
ba inda zan aika tambayar.

Yanzu ƙarfe uku, majinyata sun yi barci,
ƙanƙara na sauka kan fitilun titi ba motsi.
Na buɗe sabon littafi a kan teburin magani.
Kwana tara zan sa, Tauno, ka huta.
Hawayen kyaftin suna nan, Ritva, sai haƙuri.
Veijo, rigar dai koriya ce.

Kukun kuwa na duba inda na binne shi
na ga ban rufe ƙofar da kyau ba.
Shafi na ɗaya: tukunya a kan wuta,
wani yana ɗingishi zuwa wajen gishiri.